ZAUREN MAKANIKAI: Sauya lasifikar gaban tsohuwar motar gudu

 A wannan karo za mu duba wani ɗan aiki ne da yawancin makanikai da masu aikin wayar mota suka raina, wanda maigida kan miƙa wa ƙaramin yaron shago ya ce a gama kafin ya dawo daga cin abinci. Aikin kuwa shi ne sauya lasifikar da ke cikin dashbod na tsohuwar mota, musamman ƙananan motocin gudun nan masu kujera biyu da aka ƙera a Jamus da Ingila da Amurka a shekarun 1960 da 1970.

Wani zai ce, ina ruwanmu da irin waɗannan motoci, alhali abin da ke cika garejinmu kullum tasi ne da tirotiro da manyan motocin kaya? Gaskiya ne ba su da yawa a ƙasar nan. Amma akwai su, wasu a lulluɓe a bayan gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, wasu kuma 'ya'ya da jikoki sun fito da su suna neman wanda zai tashe su. In sun tashi neman gwani ko kayan gyara, Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra suke nufa, wuraren da 'yan zango da dama ke neman abincinsu. Bugu da ƙari, duk abin da za mu faɗa a nan ya hau kan tsohuwar Peugeot 404 ko 504, da Datsun, da tsofaffin Benz masu ƙofa huɗu da muka fi sabawa da su.

Abin da muke so mu nuna shi ne, a irin wannan aiki abubuwa uku hannun mai gyara zai taɓa, lasifika kuma ita ce mafi araha a cikinsu. Sauran biyun su ne rediyon asali da jikin dashbod, waɗanda ba a samun madadinsu a kasuwa. Saboda haka sabuwar lasifika ita za ta bi rediyon da ta tarar da ramin da ta tarar. Wanda ya juya maganar, ya ce rediyo da rami su bi lasifika, to, garin neman gira zai rasa ido.

Motocin da muke magana a kansu

Bari mu ɗauki misalai huɗu, domin kowace da halinta.

Ta farko ita ce Mercedes 230 SL da ƙannenta 250 SL da 280 SL, waɗanda ake yi wa laƙabi da Pagoda saboda lotsawar rufinsu. An fara nuna ta a birnin Janiba a 1963, aka daina ƙera ta a 1971, kuma gaba ɗaya 48,912 aka yi. Lasifikarta guda ɗaya ce, a tsakiyar saman dashbod dab da gilashin gaba, a ƙarƙashin wani murfi na katako mai tsagogi. Rediyon da aka fi sa mata na kamfanin Becker ne, irin su Europa da Mexico da Grand Prix.

Ta biyu ita ce Porsche 911, wadda aka fara ƙerawa a 1964. Na farko-farko su ma lasifika ɗaya gare su a tsakiyar saman dashbod, kuma rediyon Blaupunkt aka fi gani a cikinsu.

Ta uku ita ce MGB ta Ingila, da aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, fiye da rabin miliyan. A na farko, lasifikar tana cikin wani ɗan akwati ne a ƙasan dashbod, a gaban giya. Wannan mota tana da halaye biyu da kan ruɗa wanda bai san ta ba. Har zuwa 1967, kan batir mai alamar + shi ake ɗaure wa jikin motar, saɓanin motocin yanzu. Kuma har zuwa 1974, batir biyu gare ta masu volt 6 kowanne, a ɓoye a bayan kujeru. Mai neman batirinta a cikin bonet zai daɗe yana nema.

Ta huɗu ita ce Chevrolet Corvette ta Amurka. Waɗanda aka yi daga 1963 zuwa 1967 lasifika ɗaya gare su a saman dashbod, da rediyon Delco na kamfanin General Motors. Wannan rediyo shi ya fi kowanne saurin fushi in an ba shi lasifikar da ba tasa ba, kamar yadda za mu gani a gaba.

Abin da ke kashe ta

Lasifika ba ta da wani siddabaru. Akwai firam na ƙarfe, akwai takarda mai siffar mazurari, a gindin mazurarin akwai naɗin siririyar wayar tagulla da makanikai ke kira koyil, koyil ɗin kuma yana zaune cikin wata 'yar siririyar kafa a tsakiyar maganaɗisu. Rediyo yana turo wuta mai hawa da sauka, koyil ya riƙa kai da komowa cikin kafar, takarda ta bi shi tana tura iska, kunne ya ji murya. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa ake tafiya. Rediyon mota ya biyo baya, Motorola a Amurka a 1930, Blaupunkt a Jamus a 1932.

To, a duba inda aka ajiye wannan takarda. A kwance take tana kallon sama, a ƙarƙashin gilashin gaba, wurin da rana ke gasawa har hannu ba ya iya daɗewa a kai. A nan ƙasar kuma sai a ƙara mata hunturu da ke busar da ita ta yi ƙaras-ƙaras, sannan damina ta zo ta jiƙa ta, balle a bakin teku inda iska ke ɗauke da gishiri. In robar gilashi ta tsufa, ruwan sama kan ɗiga mata kai tsaye. Ƙura tana shiga ta tsagogin murfi, haka nan allura da kwabo da duk wani ɗan ƙarfe da aka ajiye a saman dashbod, maganaɗisu kuwa ba ya sakin abin da ya kama. In motar ta daɗe a ajiye, kyankyasai da ɓeraye su ci gam da takarda. Shekara hamsin ko sittin a haka, ba abin mamaki ba ne a kunna rediyo a ji kamar ana yaga tsumma.

A tabbatar tukuna cewa ita ce

Ba duk ƙarar banza ce laifin lasifika ba. Murfi mai sako-sako yana kaɗawa, wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, eriya mai tsatsa tana kawo shuu, rediyon kansa yana iya gajiya. Kafin a sayi komai, a cire wayoyin da ke zuwa daga rediyo a yi gwaji uku.

Na farko, a sa yatsu a kewayen tsakiyar takardar a danna a hankali, daidai wa daida ta kowane gefe. In ta sauka ta dawo shiru, koyil yana kan hanyarsa. In an ji tana karce wani abu, to koyil ya karkace ko ƙura ta cika kafar. Na biyu, a ɗauki batirin tocila mai volt 1.5 a ɗan taɓa wayoyinsa a kan kunnuwan lasifikar biyu, taɓawa ɗaya a ɗaga. Mai rai za ta yi ƙas, takardar ta motsa. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da batirin mota. Na uku, a auna ta da mita. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta katse a wani wuri.

Ko a nan ma kada a yi saurin yanke mata hukunci. A bayan takardar akwai wasu lallausan wayoyi biyu da suka taso daga kunnuwa suka shiga mazurari. Sau da yawa ɗaya daga cikinsu ce ta tsinke, ɗigon dalma ɗaya ya ishe ta. Ƙaramar yagewa kuma ana like ta da 'yar takarda mara kauri da gam mai laushi, irin wanda ba ya sandarewa in ya bushe. In kuwa takardar ta ruɓe baki ɗaya amma firam da maganaɗisu lafiya lau, muna da masu gyaran lasifikan masallatai da na masu kiɗan biki a kusan kowace kasuwa, sun iya sa sabuwar takarda da sabon koyil. Wannan ita ce hanyar da muka fi so, domin firam na asali zai koma raminsa ba gardama. Sharaɗi ɗaya ne, a gaya wa mai naɗin yawan om ɗin da ake so, a kuma auna a gabansa kafin a biya.

Maganar om

Nan ne zuciyar aikin, don haka za mu ɗan daɗe. Om awo ne na yadda lasifika ke tare wa wuta hanya. A ɗauke shi kamar bakin famfo. In lambar om tana da yawa, bakin ƙarami ne, wuta kaɗan ke wucewa. In lambar ta ragu, bakin ya buɗe, lasifikar ta riƙa jan wuta mai yawa daga rediyo. Kowane rediyo kuma an gina shi ne da sanin irin bakin da zai ɗauka.

Kusan duk lasifikar mota da ke kan teburin 'yan kasuwa a yau mai om 4 ce. Yawancin rediyoyin Becker da Blaupunkt na wancan zamani da mai om 4 ko 5 suke aiki, saboda haka a Mercedes da Porsche wannan bai cika zama matsala ba. Amma rediyon Delco na Corvette da sauran motocin General Motors na shekarun 1960 yana son om 8 zuwa 10 ne. In aka ɗaura wa mai son om 10 lasifika mai om 4, an nemi ya ba da wuta ninki biyu da rabi na abin da aka gina shi a kai. A ranar farko zai yi magana rangaɗau, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Can cikin rediyon kuwa, babbar taransistar da ke tura murya tana ta ɗaukar zafi. Taransistocin wancan lokaci da yawansu na sinadarin jamaniyam ne, wanda ba ya jure zafi kamar silikon na yanzu, ga shi kuma ba a cika samunsu a shago ba. Ranar da ta ƙone, lasifikar 'yan kuɗi kaɗan ta ci rediyon da sai an yi cigiya a ƙasashen waje. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Yaya za a san abin da rediyo ke so? A juya tsohuwar lasifikar a duba bayan maganaɗisu ko gefen firam, sau da yawa an buga lambar a wurin. A duba takardar da ke manne a jikin rediyon. In babu rubutu amma koyil bai katse ba, a auna da mita, sai dai a sani mita kan nuna ƙasa da ainihin lambar. Mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 3.6, mai om 8 ta nuna 6 zuwa 7, mai om 10 ta nuna 8 ko 9. A kuma lura, mai yiwuwa wani ya riga ya taɓa sauya ta a baya, don haka rubutun jikin rediyo ya fi na lasifika ƙarfin shaida.

In ana son om 8 kuma ba a sami mai om 8 ba, lasifika biyu masu om 4 da aka jera a layi ɗaya, wato waya ta shiga ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, sannan ta koma rediyo, sun zama om 8. Amma in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowace ta ɗauki wayoyi biyu daga wuri ɗaya, sun koma om 2, wanda ko rediyon Jamus ba zai ji daɗinsa ba. Wannan kuskure shi ya fi yawa a wurin yara masu son ƙara lasifika a ƙofa ko a bayan kujera. Daɗin daɗawa, kada a kunna tsohon rediyo babu lasifika a jikinsa, ko da na ɗan gwaji ne, domin wasunsu hakan ma kan lalata su.

Sai maganar wat. Mai sayarwa zai nuna kwali mai rubutun wat 300 ya ce ita ce mai kyau. Wannan lamba tana faɗin abin da lasifikar za ta iya jurewa ne, ba ta ƙara wa rediyo ƙarfi ko kaɗan. Tsohon rediyon mota da wuya ya ba da fiye da wat 7. Lasifika mai kaurin roba da aka yi domin babban amfilifaya za ta yi masa nauyi, murya ta fito ƙasa-ƙasa, mai mota ya riƙa murɗa maɓalli har ƙarshe, rediyo ya ƙara shan zafi. Abin da ya dace da shi ita ce mai takarda mara nauyi, mai saurin amsawa. In kwalin ya nuna lambar dB, a nemi wadda ta kai 90 ko ta kusa.

Girma da zurfi

Ramukan waɗannan motoci yawanci dogaye ne masu siffar ƙwai, ba zagayayyu ba. A motocin Amurka ana samun inci 4 da 6, ko 4 da 10, ko 6 da 9. Na Turai kuwa da milimita aka yanka su, kuma sau da yawa ba su dace da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ɗora tsohuwar a kan kwali, a zana kewayenta da ramukan sukuru, a tafi kasuwa da kwalin da kuma awon zurfinta.

Zurfin ya fi faɗin muhimmanci. A ƙarƙashin tsakiyar dashbod akwai bututun iskar da ke share hazon gilashi, akwai wayoyin hita, a wasu motocin kuma nan sandunan waifa ke kai da komowa. Tsofaffin lasifiku ƙaramin maganaɗisu gare su, na yanzu kuwa da yawansu suna da ƙaton baƙin maganaɗisu kamar faifai. In ya tokare bututu ko sandar waifa, ba za a gane ba sai ranar da aka yi ruwa. Sa'ar da aka yi ita ce, tun farkon shekarun 1980 aka samo maganaɗisun niyodimiyam, ƙarami mai ƙarfin gaske, kuma ana samun lasifiku marasa zurfi da aka yi da shi. Ta sama ma a duba, domin masu ɗan ƙaramin kai a tsakiya sukan tokare murfi.

In sabuwar ba ta dace da ramin ba, ga ƙa'idar wannan zaure: ba zarto, ba magagari, ba sabon huji a jikin mota. A yanka ɗan falanki mara kauri ko roba mai tauri daidai da zanen kwali, a huda shi inda ramukan asali suke, a ɗaura sabuwar lasifika a jikinsa. Gara ƙarama biyu ko ɗaya a kan falanki da babba a ramin da aka faɗaɗa. Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, kuma masu sayen irin waɗannan motoci dashbod suke fara leƙawa.

Yadda ake aikin

A fara da cire batir, kuma kan da aka ɗaure wa jikin mota shi ake fara kwancewa. A motocin yanzu mai alamar – ne. A tsohuwar MGB da sauran motocin Ingila na kafin ƙarshen shekarun 1960 yana iya zama mai alamar +. Duk motar Ingila mai sitiyari a dama, irin waɗanda suka shigo kafin ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama a watan Agusta na 1974, a bi wayar batirinta da ido a ga inda ta tafi. Kada a dogara da shekarar mota, domin an juya wa da yawansu wuta a baya. Lasifika ba ruwanta da wannan bambanci, amma duk wanda ya jona rediyon zamani don gwaji a motar da ba a juya ba, nan take zai ga hayaƙi.

A shimfiɗa tsumma mai kauri a saman dashbod da gindin gilashi. Wurin matsattse ne, gilashi ya kwanto a kansa, don haka gajeriyar sukundireba ake bukata. Doguwa in ta kuɓuce, ko ta fasa gilashi ko ta yaga fata. Murfin katako na Mercedes da robar saman Porsche sun sha rana shekara da shekaru, sun zama kamar ɓawon ƙwai. A nemi duk sukuru ko maƙalin da ke riƙe da murfi kafin a ɗaga, in ya ƙi tasowa akwai wanda ba a gani ba, kada a ɓanɓare da ƙarfi. A wasu motocin ta sama lasifikar ke fita, a wasu kuma ta ƙasa, sai an zare rediyo ko aljihun dashbod. A zuba sukuru a gwangwani, a ɗauki hoton wayoyi ko a yi musu alama kafin a cire.

A duba wayar lasifikar tun daga rediyo. In rigarta tana farfashewa a hannu, a ja sabuwa ta hanyar da tsohuwar ta bi. A haɗa da dalma ko da 'yan maƙalan da suka dace. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya kai damina biyu a wannan zafi namu, kuma wayar da ta kwance a bayan dashbod ita ke jawo gobara.

Tsakanin bakin lasifika da jikin dashbod a sa siririn soso ko kwali ya zagaye. Dalili kuwa, takarda in ta tura iska ta gaba tana janta ta baya, in akwai kafa a gefe iskar biyu za su haɗu su kashe juna, murya ta fito siririya ba kauri. A shimfiɗa baƙin ƙyalle mara kauri a samanta ya tare ƙura da rana. Wajen ɗaurewa a riƙe sukundireba da kyau, domin maganaɗisu kan fizge ta ta huda sabuwar takarda. A ɗaure sukuru kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta daura da ita, kuma kada a matse da ƙarfi, domin firam in ya lanƙwashe koyil zai fara karce. A yi amfani da sukuru na asali, dogo yana iya ɓullowa ta fata ko ya soki waya.

In lasifika biyu ce, a sake ɗauko batirin tocila. Kunnen da in an sa masa + takarda ta turo waje, shi ne + ɗinta. Dole biyun su riƙa turowa tare, in ba haka ba ɗaya za ta riƙa cinye muryar ɗaya.

Kafin a mayar da murfi, a jona batir a kunna rediyo da murya ƙasa. A kunna waifa, a motsa duk maɓallan hita, a saurara ko wani abu na gogawa. A bar shi ya yi kamar minti 15 yana magana, sannan a taɓa jikin rediyon. Ɗumi ba laifi, amma in ya yi zafin da ba a iya riƙewa, a kashe a sake duba lissafin om.

In rediyon ba na asali ba ne

Sau da yawa za a tarar wani ya riga ya sa rediyon kaset ko na zamani. Nan ƙa'ida ta sauya. Tsofaffin rediyoyi da dama waya ɗaya suke aika wa lasifika, jikin mota ya zama ta biyun. Na zamani kuwa wayoyinsa biyu duka masu wuta ne, in ɗaya ta taɓa jikin mota yana iya ƙonewa. Saboda haka a ja masa sababbin wayoyi biyu, kada a yi amfani da tsohuwar hanya.

Na zamani sitiriyo ne, yana da hagu da dama, ramin kuma ɗaya ne. Kada a tattara wayar hagu da ta dama a murɗe su a kan lasifika ɗaya. Ko a sa ƙanana biyu a kan falanki ɗaya, kowace da wayoyinta, ko a nemi irin lasifikar nan mai koyil biyu da kunnuwa huɗu, wadda aka yi musamman domin wannan matsala. In kuwa rediyon asali yana nan mai mota yana son jin waƙa daga wayarsa, a leƙa bayansa tukuna. Becker da Blaupunkt da yawa suna da wani zagayayyen soket a baya da aka yi domin na'urar kaset, ana iya shigar da murya ta nan ba tare da an taɓa komai ba.

A gaya wa mai mota gaskiya

Lasifika ɗaya mai kallon gilashi, a motar da ake buɗe wa rufi, da iska da ƙugin inji, ba za ta yi ƙara kamar motar bana ba. An yi ta ne domin labarai da waƙa a tafiyar yamma, irin lokacin da iyayenmu ke danna maɓallin gajeren zango su kamo sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957. A faɗa wa mai mota haka tun kafin a fara, don kada ya dawo yana cewa ba a yi aiki ba. In ya nace sai ƙara mai girgiza ƙirji, a nema masa wurin da za a ɓoye akwati a bayan kujera, wanda za a iya cirewa ba tare da ya bar tabo ba.

Muna kira ga iyayen gida masu gareji, wannan aiki kada a bar wa yaro shi kaɗai. A tsaya a kansa, a nuna masa yadda ake karanta mita da yadda ake lissafin om, ilimin zai yi masa amfani a kowace mota. A yi cinikin aikin a kan yini guda, domin sannu ba ta hana zuwa. In an gama kuma, a sa tsohuwar lasifika a leda da sukurunta a miƙa wa mai mota ya ajiye tare da takardun motar, ko da ta mutu murus, domin da ita za a auna wata a gaba, kuma mai saye zai tambaye ta. Masu irin waɗannan motoci ba su da yawa, sun kuma san juna. Garejin da ya mayar da mota da rediyonta lafiya da dashbod ba tabo, sunansa za a ba na gaba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba eriya da dalilin da ya sa rediyo ke kukan inji in an taka totur.